Man Birki da Maƙiyansa Biyu: Iska da Ruwa

Gabatarwa

Duk wanda ya san hanyar da ta taso daga Katsina ta ratsa Kurfi ta nufi Dutsin-Ma, ya san cewa kwalta ba ta kai ko'ina ba. Da zarar an sauka daga babban titi za a shiga ƙauyukan da ke kewaye da Birchi da Wurma da Barkiya da Tsauri, sai hanyar burji da turɓaya, da kwazazzabai waɗanda ruwa ke cikawa da damina. Ababen hawan da ke iya bin irin waɗannan hanyoyi su ne a-kori-kura, da motoci masu ja da ƙafa huɗu irin su Land Rover da Toyota Hilux, da Keke Napep. A wasu ƙasashe kuma manoma da makiyaya kan yi amfani da wani babur mai ƙafa huɗu da manyan tayoyi, wanda aka ƙera musamman don ratsa daji. Duk waɗannan, ban da wasu ƙananan samfurori na babur ɗin, birkinsu da mai yake aiki.

Direbobinmu suna kula da man inji ƙwarai, sun san lokacin juye shi, sun san launinsa idan ya gaji. Amma man birki, mafi yawansu ba su san ana juye shi ba. Abin da aka saba shi ne a buɗe murfi a duba, idan ya ragu a yi ciko, idan bai ragu ba a rufe. Wannan maƙala za ta yi bayanin dalilin da ya sa ciko bai wadatar ba. Za mu duba ƙa'idar kimiyya da birki ke aiki da ita, da yadda iska da ruwa ke karya wannan ƙa'ida, sa'annan mu bi matakan da ake bi wajen fitar da iska da sake man gaba ɗaya.

Ƙa'idar da Birki ke Aiki da Ita

Masanin lissafi ɗan ƙasar Faransa, Blaise Pascal, wanda ya rayu daga 1623 zuwa 1662, shi ne ya bayyana cewa idan aka kulle abu mai ruwa-ruwa a cikin mazubi, aka matsa shi ta wani gefe, to matsin zai isa kowane sashe na mazubin daidai wa daida ba tare da ya ragu ba. Matsi kuwa shi ne ƙarfin da ya faɗa kan kowane murabba'in santimita ɗaya na fuskar abu. A shekarar 1795 wani maƙeri ɗan Ingila mai suna Joseph Bramah ya yi amfani da wannan ƙa'ida ya ƙera injin matsa kaya. Wannan ƙa'ida ce kuma ke cikin jak ɗin da ake ɗaga mota da shi a gareji.

A cikin mota, fedar birki tana haɗe da wani fistin da ke cikin silinda wadda bakanikai ke kira masta. A saman masta akwai ɗan kofi da ake zuba mai. Daga masta bututun ƙarfe da tiyo na roba sun tafi kowace ƙafa, inda wasu fistin ɗin ke jira. Idan direba ya taka feda, fistin na masta zai matsa man, man ya tura fistin na ƙafafu, su kuma su manna takalman birki a jikin faifai ko gangar da ke juyawa tare da taya.

Bari mu ɗauki misali da lissafi. A ce direba ya taka feda da ƙarfin da ya yi daidai da nauyin kilogiram 20. Ita fedar sanda ce mai maƙale a gefe ɗaya, kamar yadda ake ɓamɓare dutse da ƙarfe, a ce ta ninka ƙarfin sau 4 ya zama 80. Idan faɗin fuskar fistin na masta murabba'in santimita 4 ne, to matsin da ke cikin man shi ne 80 a raba 4, wato kilogiram 20 a kan kowane murabba'in santimita. Idan fistin na ƙafa yana da faɗin murabba'in santimita 20, ƙarfin da zai danna takalmi da shi shi ne 20 sau 20, wato kilogiram 400. Ke nan takun ƙafa na kilogiram 20 ya zama 400 a ƙafa ɗaya kawai.

Sai dai duk wannan lissafi ya dogara ne a kan sharaɗi ɗaya: dole abin da ke cikin bututun ya kasance ba ya matsuwa. Mai da ruwa, kome ƙarfin da ƙafar mutum za ta sa masu, raguwar da girmansu ke yi ba ta taka kara ta karya ba. Saboda haka man da ke cikin bututu yake zama tamkar sandar ƙarfe wadda ke iya lanƙwasa ta bi kowane lungu na mota.

Kafin a kai ga haka, birkin motoci da waya da sandunan ƙarfe yake aiki, kamar yadda yake a keke da yawancin baburan haya har yau. Wani Ba'amurke, Malcolm Loughead, wanda daga baya ya mayar da rubutun sunansa Lockheed, shi ne ya yi fice wajen ƙera birki mai aiki da mai a ƙarshen Yaƙin Duniya na Ɗaya. Kamfanin Duesenberg ya sa irinsa a ƙafafu huɗu na motarsa a 1921, Chrysler ya bi baya a 1924, Ford kuwa sai a 1939 ya karɓa. Man da aka fara amfani da shi haɗi ne na man zurma da alkohol. Na yanzu kuwa yawanci daga wani jinsin sinadari ake yin sa mai suna gilaikol.

Maƙiyi na Farko: Iska

Iska ta saɓa wa mai, domin ita tana matsuwa. Robert Boyle ya nuna a 1662 cewa idan aka ninka matsin da ke kan iska sau biyu, girmanta zai koma rabi, muddin zafinta bai sauya ba. Matsin da muka samu a misalinmu na sama ya kai kimanin ninki 20 na matsin iskar da ke kewaye da mu. Saboda haka idan akwai kumfar iska mai girman mililita 5 a cikin bututu, wato cikin ƙaramin cokali ɗaya, za ta tsuke ta koma kimanin rubu'in mililita kafin cikakken matsi ya samu.

Gurbin da kumfar ta bari, kusan mililita 5, fistin na masta ne zai cike shi. Da faɗinsa na murabba'in santimita 4, sai ya yi tafiyar da ta ɗara santimita 1, feda kuwa ta ninka wannan sau 4, wato kusan santimita 5. Ke nan direba ya taka feda ta nutse santimita 5 ba tare da wannan tafiya ta amfani birki da kome ba. Idan kumfar ta fi haka girma, feda za ta kai ƙasa matsi bai samu ba. Wannan shi ne abin da direbobi ke nufi idan sun ce birki ya yi iska. A ƙafa ana jin fedar ta yi laushi kamar an taka soso, sai an yi ta bugawa sau biyu ko uku kafin ta kama.

Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Iska kan shiga idan man kofi ya yi ƙasa har masta ta zuƙo ta, musamman a hanya mai gargada inda man ke tangaɗi. Takan shiga idan tiyo ya tsage, ko dutse ya bugi bututu, ko robar fistin ta cinye. Takan kuma shiga a duk lokacin da aka kwance wani sashe don gyara. A babur mai ƙafa huɗu matsalar ta fi tsanani, domin mastarsa ƙarama ce ƙwarai, kumfar da babbar mota za ta jure ta isa ta sa hannun birkinsa ya taɓo kan babur.

Ɗalibi zai iya tambaya, to yaya manyan motoci irin tirela suke aiki da birkin iska? Amsa ita ce su suna da injin da ke tara matsattsiyar iska a cikin tanki, fedar direba ƙofa kawai take buɗe mata. Ba ƙarfin ƙafarsa ne ke matsa iskar ba. Tsari ne daban wanda George Westinghouse ya ƙirƙiro don jiragen ƙasa a 1869.

Maƙiyi na Biyu: Ruwa

Iska tana nuna kanta tun mota na tsaye. Ruwa kuwa ɓoyewa yake yi, shi ya sa ya fi haɗari. Don a fahimci illarsa sai a fara sanin cewa aikin birki shi ne mayar da ƙarfin motsi ya koma zafi ta hanyar gogayya. A-kori-kura mai nauyin kilogiram 2,000 tare da kayanta, tana gudun kilomita 72 cikin awa, wato mita 20 cikin daƙiƙa, tana ɗauke da ƙarfin motsi na jul 400,000. Wannan ya isa ya ɗauki lita ɗaya ta ruwan randa ya kai ta ga tafasa. A tsayawa ɗaya ke nan. Idan aka ninka gudu sau biyu, zafin zai ninka sau huɗu. Yawancin zafin iska ke kwashe shi, amma wani kaso yana ratsa takalmi da fistin ya isa ga man.

Saboda haka ake yin man birki ya zama mai wuyar tafasa. Haruffan DOT da ake gani a jikin gwangwani sunan Ma'aikatar Sufuri ta Amurka ne a taƙaice, ita ce ta tsara ma'aunin. Bisa wannan ma'auni, sabon mai na DOT 3 ba zai tafasa ba sai ya kai aƙalla digiri 205 a ma'aunin Salshiyos, DOT 4 digiri 230, DOT 5.1 kuma digiri 260. To amma gilaikol yana da wata ɗabi'a irin ta gishiri, wato zuƙo laima daga iska. Kowa ya san yadda gishiri ke jiƙewa a cikin kwano da damina ko da ba a zuba masa ruwa ba. Idan ruwan da man ya zuƙa ya kai kashi 3.7 cikin ɗari, ma'aunin ya yarda tafasar DOT 3 ta sauko zuwa digiri 140, DOT 4 zuwa 155, DOT 5.1 zuwa 180. Dubi DOT 3: ɗan ruwan da bai kai kashi huɗu cikin ɗari ba ya zabge masa digiri 65.

Laimar tana shiga ta ɗan ramin numfashi da ke murfin kofi, da ta jikin tiyon roba a hankali, da kuma duk lokacin da aka buɗe murfin. A ƙasar Katsina watannin hunturu da bazara busassu ne, amma daga Yuni zuwa Satumba iska cike take da laima. A wannan lokaci ne kuma motocin ƙauye ke kutsawa cikin rafuka da kududdufai har ruwa ya rufe ƙafafunsu. Motar da ke jigilar kayan lambu daga fadamun da ke kusa da madatsar ruwa ta Zoɓe a kan kogin Karaɗuwa, ko da rani ba ta rabuwa da laka.

Ga yadda haɗarin ke faruwa. Mota ta yi lodin buhunan gero da dawa fiye da kima, direba yana ta taka birki saboda ramuka, ga zafin rana na Afrilu da kan haura digiri 40. Wataƙila ma laka da tsatsa sun riƙe fistin ɗaya, takalmi yana ta gogar faifai ba a sani ba. Man da ke wannan ƙafa ya yi zafi ya wuce digiri 140. Muddin ƙafar direba na kan feda, matsi yana hana shi tafasa. Da ya ɗaga ƙafa sai matsi ya sauka, man ya tafasa, tururi ya cika silinda. Tururi kuwa ɗan'uwan iska ne, yana matsuwa. Taku na gaba sai feda ta zarce ƙasa. Bayan rabin awa man ya huce, tururi ya koma ruwa, duk wanda ya taka feda zai ji ta da ƙarfi. Daga nan sai a shiga zargin direba da ganganci, ko a danganta abin ga wani dalili na daban, alhali tsohon mai ne. Direbobin da ke sauka gangaren Hawan Kibo a hanyar Jos sun san wannan matsala sarai, shi ya sa gogaggunsu ke sauka da ƙaramar giya don inji ya taya birki riƙe mota.

Illa ta biyu ta ruwa ita ce tsatsa. Sabon mai yana ɗauke da sinadaran da ke hana ƙarfe tsatsa, amma suna ƙarewa da daɗewa. Daga nan cikin silinda ya soma cinyewa, roba ta yage, yoyo ya fara. Ciko ba ya maganin ko ɗaya daga cikin waɗannan, domin sabon man a kofi yake tsayawa, tsohon kuwa yana can ƙasa a ƙafafu inda zafi yake. Wannan ne ya sa kamfanonin motoci da yawa suka ce a juye man birki duk bayan shekara biyu, ko an yi tafiya mai yawa ko ba a yi ba. Motar da ke shiga ruwa da laka ta cancanci a juye nata kowace shekara, kuma ƙarshen damina, kafin jigilar amfanin gona ta kankama, shi ne lokacin da ya fi dacewa.

Yadda Ake Gane Matsala

Feda tana ba da labari ga wanda ya iya saurare. Idan ta yi laushi, kuma tana ƙara ƙarfi in an buga ta sau da yawa, mai yiwuwa iska ce. Idan aka danne ta aka riƙe sai ta riƙa nutsewa a hankali, to akwai yoyo, ko dai a waje ko a cikin masta, kuma fitar da iska ba zai gyara wannan ba. Idan ta zarce ƙasa bayan doguwar tafiya sa'annan ta dawo bayan mota ta huce, mai ne ya tafasa. Idan kuwa feda na da ƙarfi amma mota ba ta tsayawa, to laifin na takalma ne, sun jiƙe, ko sun ƙone, ko mai ya ɓata su.

Sabon man birki garau yake, da ɗan launi kamar na tataccen man gyaɗa. Idan ya koma kamar baƙin shayi ya daɗe da gajiya. Sai dai launi ba hujja ba ce cikakkiya, domin mai na iya zama garau alhali ya sha ruwa. Akwai 'yar na'ura mai kama da biro da ake tsomawa a kofi ta nuna yawan ruwan, amma abin da ya fi sauƙi shi ne a rubuta ranar da aka juye. Raguwar mai a hankali cikin watanni alama ce ta cinyewar takalma. Raguwa cikin kwanaki kuwa yoyo ne, dole a nemo shi kafin mota ta tashi.

Matakan Fitar da Iska da Sake Mai

Aikin da bakanikai ke kira bilidin na mutum biyu ne. Kayan da ake bukata su ne sabon mai irin wanda aka rubuta a murfin kofi, cikin gwangwanin da ba a taɓa buɗewa ba, da sifana mai zobe daidai da notin, da siririn tiyo wanda ake ganin cikinsa, da kwalba garau, da sirinji, da tsumma mai tsabta. Lita ɗaya takan ishi ƙaramar mota.

Na farko, a tsayar da mota a wuri mai baje, a sa duwatsu ko katako a tare tayoyi. Idan za a cire taya, kada a dogara ga jak kaɗai, a sa abin tokare mai ƙarfi. A goge murfin kofi da kewayensa kafin a buɗe, domin ƙwayar yashi ɗaya tana iya yaga roba.

Na biyu, a zuƙe tsohon man kofi da sirinji, amma a bar kaɗan a ƙasa don kada ramukan masta su buɗe ga iska. A cika kofin da sabon mai.

Na uku, a nemo notin fitar da iska. Ɗan ƙaramin noti ne mai rami a tsakiya, yana can saman silindar kowace ƙafa, domin iska sama take tashi. A kankare lakar da ke jikinsa, a sa sifana, a cusa tiyo a bakinsa, ɗaya bakin tiyon kuma a nutsa shi cikin ɗan mai a kwalba. Wannan nutsawa ita ke hana iska komawa.

Na huɗu, a fara da ƙafar da ta fi nisa da masta. Tun da Nijeriya ta koma tuƙi ta hannun dama a 1972, motocinmu sitiyarinsu da mastarsu a hagu suke. Saboda haka tsarin da aka saba shi ne bayan dama, bayan hagu, gaban dama, gaban hagu. Tsohuwar Land Rover mai sitiyari a dama sai a juya tsarin. Wasu motoci suna da nasu jeri daban, masu na'urar ABS kuma wasunsu sai an haɗa da kwamfuta, don haka littafin mota shi ne alƙali.

Na biyar, sai aikin kansa. Maigida yana ƙasa da sifana, yaro yana kan kujera. Maigida ya ce, "Buga!" Yaro ya taka feda a hankali sau uku ko huɗu. Ya ce, "Danne!" Yaro ya danne ya amsa, "Na danne, maigida." Sa'annan a sassauta noti kamar rubu'in juyi. Mai da kumfa za su fito ta tiyo, feda ta nutse. A ɗaure noti tukuna, kana a ce, "Saki!" Wannan jeri shi ne zuciyar aikin, domin idan yaro ya saki feda noti na buɗe, fistin zai zuƙo iska ciki, aiki ya koma baya. A tsohuwar mota yana da kyau a sa ɗan katako a ƙarƙashin feda don kada ta kai ƙasa, saboda can ƙarshen masta inda fistin bai saba zuwa ba akwai tsatsar da kan yaga roba.

Na shida, a maimaita har sai man da ke fitowa ya zama garau irin sabo, ba kumfa ko ɗaya. Bayan kowane zagaye huɗu ko biyar a duba kofi a ƙara mai. Idan aka bari ya ƙafe, sai an sake aikin daga farko.

Na bakwai, bayan an gama duk ƙafafu, a cika kofi zuwa layin sama ba tare da an wuce shi ba, a rufe. A danne feda da ƙarfi na rabin minti a ga ko za ta nutse, a duba kowane noti ko yana tsatsafo. Sa'annan a gwada mota a hankali a fili kafin a ɗauki fasinja.

A babur mai ƙafa huɗu matakan ɗaya ne, sai dai sau da yawa birkin gaba a hannu yake, na baya a ƙafa, kowanne da kofinsa, don haka kowanne ana yi masa nasa daban. A juya kan babur har kofin ya daidaita kafin a buɗe, a kuma riƙa ƙara mai akai-akai saboda ƙanƙantar kofin.

Kurakuran da Ya Kamata a Guje wa

Kada a zuba man inji ko man giya ko man sitiyari a kofin birki. Robobin da ke ciki an yi su ne don gilaikol, man fetur da danginsa kuwa kumbura su suke yi har su lalace. Akasin haka ma gaskiya ne: wasu taraktoci birkinsu da mai na jinsin fetur yake aiki, gilaikol ɓata su yake yi. Haka nan DOT 5, mai launin shunayya, daga silikon aka yi shi, ba ya gauraya da DOT 3 ko 4 ko 5.1, duk da kamannin suna.

Wasu direbobi idan mai ya tsiyaye a daji sukan zuba ruwan omo. Gaskiya ne feda za ta yi ƙarfi, tun da ruwa ba ya matsuwa, amma a digiri 100 zai tafasa, ga kuma tsatsa. Motar da aka yi wa haka sai an wanke bututunta duka da sabon mai. Haka kuma man da ake sayarwa a buɗaɗɗiyar kwalba a bakin tasha ya riga ya sha laima da ƙura tun kafin a saya. Araha ba ta ado. Wanda aka tatso daga mota ma ba a mayar da shi.

Man birki yana cin fenti, idan ya zuba a wanke da ruwa nan take. Idan ya faɗa ido a wanke da ruwa mai yawa a tafi asibiti. Al'adar shafa shi a kan rauni ko ƙuna ko makero ba ta da tushe a likitance. Dafi ne idan aka sha, kuma wasu nau'o'insa suna ɗauke da sinadarin dayetilin gilaikol mai kashe ƙoda. Wannan sinadari ne ya gurɓata wani maganin haƙoran jarirai a Nijeriya, ya hallaka yara fiye da 80 tsakanin 2008 da 2009. Saboda haka kada a ajiye tsohon mai a kwalbar lemo, kada kuma a zubar da shi kusa da rijiya ko mashayar dabbobi.

Gwaji Don Aji

Malami zai iya nuna duk wannan da sirinji biyu marasa allura, ɗaya na mililita 5 ɗaya na 20, da guntun tiyon ƙarin ruwa sabo. A cika su da ruwan sha ba tare da kumfa ba, a haɗa su. Ɗalibi ɗaya ya danna ƙaramin, wani ya yi ƙoƙarin tare babban da yatsa, zai ji ƙarfin ya rinjaye shi. Sai a shigar da iska mililita 2 a sake gwadawa. Ɗalibai za su ga kumfar tana tsukewa, su kuma ji laushin da direba ke ji a ƙafarsa. A ƙarshe a bar su su nemo hanyar fitar da kumfar da kansu, za su gano cewa sai an ɗaga bakin sirinji sama.

Kammalawa

Mun ga cewa birki yana aiki ne saboda mai ba ya matsuwa, kuma iska da tururi duk suna matsuwa. Iska ta kafar yoyo da gyara take shiga, ruwa kuwa man ne da kansa ke zuƙo shi a hankali, ko mota na tafiya ko tana ajiye. Saboda haka cikar kofi ba ta nuna lafiyar mai, shekarunsa ne abin dubawa. Ɗalibin da mahaifinsa ko yayansa ke da mota ko Keke Napep zai iya tambayarsa yaushe aka juye man birki, ya kuma taimaka a rubuta ranar a ɗan kati a ajiye tare da takardun mota. Kuɗin lita ɗaya ta mai da aikin awa ɗaya ba su kai darajar ran fasinja ɗaya ba, kuma ba a fafe gora ranar tafiya.